Dunduniyar Gwaggo Rakiya da Injin Hamani

Shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rakiya, ƙanwar mahaifina. Tana da rai sunanta bai taɓa shiga jarida ba, kuma da ta san zan saka shi yau da ta ce in dakata ta sauya kallabi tukuna. Allah ya jiƙanta. Ba cikar shekarun kaɗai ta sa na zauna rubutun nan ba. Dunduniyata ce ta tuna mini da ita. Bana ciwonta ya zo mini, a ƙafar hagu kamar ita, kuma an kwantar da ni gaban wani inji da na so a ce ta gan shi da idonta.

Gwaggo dillaliya ce. Bayan mijinta ya rasu ta baro Madawa ta zo Yamai, ta zauna gidanmu a Maourey. Kullum da safe sai ta ƙunshe atamfofi da turare da ƴan kunne cikin wani tsohon zane, ta ɗora a ka, ta bi gidajen matan da ba su fita kasuwa. Har gada take ƙetarewa da ƙafa zuwa Kirkissoye. Ba ta shiga takisi, wai a cikin mota ba a jin labarin gari.

Ni kuwa lokacin ƴar lakwal ce, wato makarantar boko, mai kunyar da ko mushe, malaminmu, ya kira sunana a aji sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaina kullum a sunkuye. Amfanin hakan ɗaya ne: na san mutanen unguwarmu da ƙafafunsu fiye da fuskokinsu. Na san mai faso, na san wanda takalminsa ya cinye ta gefe guda, na san amaryar da lallenta ya fara gogewa. Shi ya sa ni na fara lura Gwaggo ta daina ajiye dunduniyar hagu a ƙasa. A kan yatsu take takawa, kamar mai tsallake ruwan wanke-wanke.

Shekarar fari ce, wadda har yau tsofaffi ke auna sauran shekaru da ita. Soja ne a kan mulki. Mutanen karkara sun cika bakin gari da rumfunan tabarma, gero ya yi wuya, muna cin jar dawar taimako wadda Inna ke cewa ita kanta dawar ba ta san abin da ya kawo ta ƙasarmu ba. A irin wannan shekara ba mai lokacin sauraron kukan dunduniya. Amma ciwon bai san da fari ba. Takun farko na safe shi ne bala'in. Gwaggo na saukowa daga gado sai salati ya cika tsakar gida, ka rantse ƙusa ta taka. Daga baya dillancin ya tsaya, ƙunshin kayan ya koma lungu.

Baba ya kai ta disfansar, ƙaramin asibitin unguwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya latsa dunduniyar ya ce piƙir, wato allura, za a yi mata a daidai inda ke ciwon, in bai yi ba a tura ta babban asibiti a yanka. Gwaggo ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta ɗauki takalminta ta fice kafin ya gama buɗe akwatin allura. Da suka dawo gida Baba ya ce to saura Wanzam Idi, ya yi mata tsaga ya kafa ƙaho ya zuƙe mataccen jini.

"Yaya," in ji ta, "fatar nan aro aka ba ni. Yadda na karɓe ta haka nake son in mayar wa Mai ita."

Baba tela ne, a ganinsa ba abin da ba ya gyaruwa in an yanka an ɗinke. Ya nuna tsagen gado da ke kumatunta. "Waɗannan fa? Da su aka ba ki aron?"

"Waɗannan ina cikin zanen goyo aka yi mini, ba wanda ya nemi shawarata. Da an nema da duk Madawa ta ji amsa."

A lokacin matar ƙanensu da ke Kirkissoye tana da tsohon ciki. Sai Baba ya yanke hukunci gabana da gaban Inna. Ranar suna Wanzam Idi ne zai je askin jariri. In Gwaggo ta ƙetare gada da ƙafarta, baƙuwa ce, ta ci ta sha ta dawo, ba mai sake ta da zancen aska. In kuwa sai an ɗauke ta a mota, to wanzami yana gamawa da jariri ita ce ta biyu. Gwaggo ta ce ta yarda, kuma ita in ta ce ta yarda ba ta komawa baya. Daga ranar ita kaɗai ce a dangi ke roƙon Allah ya sa jaririn ya ƙara hutawa a ciki.

Ni da ciwon ya same ni bana, ɗiyata ta kai ni wurin wani kine, wato mai gyaran gaɓɓai da jijiyoyi, ba nisa da gidana a Banifandou. An gwada miƙe jijiya, an sauya mini takalmi, sauƙi bai zo ba, sai ya ce akwai wani inji da ake gwadawa ga ciwon da ya daɗe, na dunduniya ne ko na kafaɗa ko na gwiwar hannu. Da Faransanci suna ce wa aikin ondes de choc. Abin kamar ƙaramar taɓarya yake, da igiyar lantarki. Ana shafa wani abu mai sanyi a wurin, a dafa bakin taɓaryar, sai ta riƙa aika bugu mai ƙarfi yana ratsa fata har ya kai ga jijiyar, don jiki ya farka ya koma gyaran wurin da ya yi watsi da shi. Ba yanka, ba allura, ba jini. Mako-mako ake zuwa. Ya faɗa mini gaskiya cewa ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma sauƙin a hankali yake zuwa. Da ya kunna, abin ya fara tak-tak-tak, sai dariya ta ƙwace mini. Ya ɗauka zafi ne ya gigita ni. Zafi kam akwai. Amma ni abin da ya ba ni dariya, na san wannan ƙarar tun kafin a haife shi.

A bayan gidanmu na Maourey akwai injin niƙa na Hamani, Bazabarme haifaffen Yamai, wanda ƙurar gari ta sa wa furfura a gira tun yana saurayi. Hausarsa ta kasuwa ce, kuma yana kiran Gwaggo ai nya, wato uwata da Zabarmanci. Wata rana Inna ta aike ni niƙa, Gwaggo ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, ta dafa kafaɗata muka tafi. Ta zauna kan wata tsohuwar garwa, ta miƙe ƙafa, dunduniyar ta sauka kan ƙarfen da aka ɗaure injin a kai. Hamani ya tada inji. Na ga ƙafar tana rawa, zanenta yana rawa, har ƴan kunnenta. Fuskarta ta yamutse, amma ba ta janye ba. Da aka kashe ta miƙe, ta taka, ta tsaya, ta sake takawa. Dunduniyar na ƙasa.

"Hamani, tun yaushe kake da wannan maganin ka yi mini shiru?"

"Wane magani, ai nya? Ni dawa nake niƙa."

Sauƙin bai kai la'asar ba, amma ya ishe ta hujja. Ta ce kullum sai ta zo. Matsalar ita ce Hamani ba ya tada inji sai niƙa ya taru, don gazuwal, man injin, ya yi tsada, ga shi a shekarar niƙa ba ya taruwa. Sai Gwaggo ta mayar da ni ƴar aike. Ina dawowa daga lakwal in bi gida-gida ina cewa, da muryar da ni kaina ba na ji sosai, "Wai in ji Gwaggo ko akwai niƙa, in kai muku." Matan suna dariya, suna tambaya ko dillaliya ta bar atamfa ta koma dillancin dawa. Ba na jin a rayuwata na taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan sallamar.

Da niƙan maƙwabta ya ƙare, sai ta ware tiya guda daga garin gidanmu ta ce wannan na magani ne, kada Inna ta taɓa. Ta kai wa matar Hamani atamfa mai kyau don a yafe mata gazuwal, sannan ta miƙa masa kwanon.

Ya leƙa ciki. "Ai nya, wannan gari ne."

"Bai yi laushi ba."

"Jiya na niƙa shi. Shekaranjiya na niƙa shi. Injin ma ya gane shi."

"To sai su gaisa. Tada."

Haka muka riƙa yi. Kullum garin yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, kullum yana raguwa, don inji yana lasar rabonsa, iska tana ɗaukar nata. Inna tana kallon kwanon tana ƙwafa, amma ba ta faɗa wa Baba ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne kunnen mutane. A kwanakin rediyo ba ta da zance sai na masu ɓoye hatsi da abin da za a yi musu in an kama su. To ga inji a Maourey yana kuka kullum, alhali gari duka ba abin niƙa. Wani ya kai labari cewa lalle akwai buhuna a ɓoye. Ranar da aka aiko mana cewa an haihu a Kirkissoye, a ranar motar soja ta tsaya ƙofar Hamani. Wani mai igiya a hannun riga ya shigo da yaransa biyu. Hamani yana ganinsu ya ɗaga hannu sama, Hausarsa ta gudu ta bar shi da Zabarmanci. Sojan ya daka tsawa a kashe inji.

Gwaggo ba ta ɗauke ƙafa ba. "Ɗana, a bari ya gama mana, saura kaɗan."

Aka kashe. Suka duba bayan garwa, suka duba ƙarƙashin tabarma, suka ɗaga kai suka duba rufi. Ba su sami komi ba sai kwano ɗaya. Sojan ya sa yatsa ya murza, garin ya fi hodar amarya laushi. Ya tambayi ina buhunan. Gwaggo da Hamani suka kama bayani lokaci guda, kowa da harshensa, ba abin da ya fahimta. Sai ya juyo kaina, ina raɓe a bango da jakar lakwal.

"Ke, ƴar lakwal. Ke ba za ki yi mini ƙarya ba. Me ake niƙa a nan kullum?"

Ina kallon takalminsa na nuna kwanon. "Wannan."

"Kullum wannan?"

"Shi kaɗai, shef. Ya ma kusa ƙarewa."

Ɗaya daga cikin yaransa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Shi kuwa bai yi dariya ba. Da ya gane don ƙafa ake yi, ya ce wannan ɓarnar gazuwal ce a shekarar da mutane ke kwana da yunwa, kuma kada ya ƙara jin injin nan ya tashi in ba niƙa na gaskiya aka kawo ba. Ba ƙarya ya yi ba, ko Gwaggo ba ta musa ba. Na ɗaga kai na dube ta. Ranar suna saura mako, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

Har yau ban san inda na samo muryar ba. Tun shigowarsa na lura duk nauyinsa a ƙafar hagu yake, ta damar kuwa a kan yatsu take tsaye cikin wannan ƙaton takalmin.

"Shef," na ce, "kai ta damar ce."

Hamani ya fara kiran sunan Allah da Zabarmanci. Gwaggo kuwa ta karɓe zancen kamar ciniki ya zo mata gida. "Da safe ta fi zafi, ko? Kamar ƙusa? Wayyo ɗana. Kuma sun ce piƙir za su yi maka." Sojan ya dube ta, ya dube ni, ya juya ya fita.

Washegari da hantsi sai ga shi cikin riga da wando na gida, da kwanon dawa a hannu. Ya ce wa Hamani niƙa ya kawo, daga abincin gidansa. Niƙa na gaskiya ne, saboda haka inji ya tashi bisa doka. Ya jawo garwa, ya cire takalmi, ya ɗora dunduniya yana kallon rufi kamar ba shi ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa kawo dawar, don ta kai shi kwanaki. Rigimarsu ɗaya da Gwaggo, wurin da ƙarfen ya fi rawa.

"Shef, matsa can. Nan wurina ne, mulkinku bai iso nan ba."

Ya matsa kuwa. Garin magani ya koma hannun Inna, ta tuƙa shi, tuwon ya ƙi tsayawa a mara. Baba ya ɗaga loma tana zuba, ya tambaya ko tuwon ma fari ya kama shi.

Ranar suna muka fita da sanyin safiya, Gwaggo cikin atamfarta mafi kyau, hannunta a kafaɗata. Baba ya roƙi wani abokinsa mai takisi, suna binmu a baya sannu-sannu, ƙofar baya a buɗe, masu keke suna wuce su suna zagi. Kogin ya janye a shekarar har yara suna wasa a kan yashi inda kwale-kwale ke bi. A tsakiyar gada na ji farcenta ya shige mini fata.

"Gwaggo, ƙafar fa?"

"Tana nan tana zagina. Kada ki waiwaya, Yaya zai ɗauka kira ne."

Ba mu waiwaya ba. Mun isa Kirkissoye an riga an raɗa suna, Wanzam Idi ya gama da jariri yana goge aska. Ya gan ta ya washe baki. "Rakiya, an ce mini yau ina da aiki na biyu."

Ta zauna kan tabarma, ta miƙe ƙafar gabansa. "Mayar da askarka, Idi. Ga ta nan, ka kalla da ido. Kallo ban hana ba."

Da na ba kine wannan labarin ya yi dariya har ya cire gilashi ya goge. Ya ce injinsa da na Hamani ba su haɗa komi ba sai ƙara, nasa an auna ƙarfinsa an auna inda zai buga, kuma ya roƙe ni in rubuta cewa kada wani ya karanta ya tafi ya ɗora ƙafa kusa da bel ɗin injin niƙa. Ga shi na rubuta. A ganinsa abin da ya taimaki Gwaggo shi ne ta huta da doguwar tafiya, karo na farko a rayuwarta. Mai yiwuwa. Akwai kuma abin da ni kaɗai na gani, da yake ƙasa nake kallo. Tun kafin ranar suna wani ya ɗinka ƴar matashin auduga a cikin takalminta na hagu, da ɗinki ƙanana a jere waɗanda hannu ɗaya ne a Maourey ke yin irinsu. Mutumin da ya ɗauko takisi don ya kai ta wurin wanzami shi ne ya yi mata shimfiɗar da za ta tsere masa. Ita kuwa har ta bar duniya Hamani take yi wa addu'a.

Ciwon bai rabu da ita gaba ɗaya ba. Yana zuwa yana tafiya, ita ma tana zuwa tana tafiya, ƙunshi a ka. Damina ta dawo, gero ya dawo, layin niƙa ya yi tsawo har sai ta yi faɗa kafin ta sami garwarta. Bayan ƴan shekaru zazzaɓi ya kwantar da ita, bai ja ba. Inna da wata tsohuwa suka yi mata wanka, ina miƙa ruwa daga bakin ƙofa. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani sai alheri. Da Inna ta fito ta tarar da Baba a zaure, ta ce, "Malam, ta mayar yadda ta karɓa." Baba ya yi dariya, dariyar ta juye, ya rufe fuska da hannun riga.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. An daɗe da kwashe injin Hamani, butiki ne, wato kanti, a wurin yanzu. Abin da ta bar mini na gane shi ne ranar da likita ya ce a yi mini allura a dunduniya. Ni da har yau kaina ke sunkuyewa gaban farar riga, sai na ji na gaishe shi, na tambayi iyalinsa, sannan na ce, "Likita, kafin allurar, ba wata hanya da za mu fara gwadawa?" Ban gudu da takalmi a hannu ba, kuma in ta kama a yi allurar zan yarda, don ni ba Gwaggo ba ce. Amma na tambaya, aka kuma amsa mini. Wannan bakin nata ne.

Ƙafar tawa ta fara sauƙi, takun safe ya rage cizo. Duk ranar da na kwanta a gadon kine, taɓaryar tana tak-tak-tak, sai in ga Gwaggo ta shigo ta zauna. Na san za ta yaba da sanyin ɗakin. Za ta duba dunduniyata ta tabbatar ba ɗigon jini, ta sa wa yaron albarka da shi da wanda ya ƙera abin. Sannan za ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin injin, ta leƙa bayansa, ta ɗago ta dube ni.

"Ƴar lakwal, duk wannan ƙarar, ina garin?"